Tsohuwa a Gangaren Tivoli

"Dayami! Fito, ga saurayin motarku nan ya iso!"

Tia Odalis ce, ƙanwar mahaifinta, ke ƙwala kira daga baranda tana fifita da marfin kwali, kuma da gangan ta ɗaga murya don maƙwabta su samu nasu rabon. Dayami na kicin tana tace kofi. Ta ji maganar sarai, amma ta haɗiye ta fito da kofi a tire.

"Haba Tia, saurayina dai."

"Naki? To tsaya ki ga inda idonsa zai fara sauka."

Reinier ya hauro tudun unguwar Tivoli yana haki, da wani ƙarfe naɗe cikin tsumma a hammatarsa. Ya gaida Tia da ladabi, ya yi wa Dayami murmushi, sai dai tun kafin ya karɓi kofin idonsa ya riga ya zarce gareji. Tia ta taɓe baki ta ci gaba da fifitarta.

A garejin nan Tsohuwa take. Haka duk gidan suke kiranta, doguwar motar Amurka mai naɗe rufi, wadda kakan Dayami ya saya tun kafin juyin juya hali. A cikinta aka ɗauki mahaifiyar Dayami, Migdalia, ranar aurenta, tana zaune can saman kujerar baya kamar yadda amaren garinsu Santiago ke yi, ana hon ana guɗa har bakin teku. Da Migdalia ta rasu, mijinta Don Eliecer, mahaifin Dayami, ya lulluɓe motar da tamfol ya ja ƙofa, bai ƙara waiwayarta ba. Kaji suka mayar da ita gidan haya, ɓeraye suka cinye kujeru, tsatsa ta ci ƙasanta har mutum na iya hango siminti ta wurin ajiye ƙafa.

Ranar da Reinier, makanike mai gyaran bodi, ya zo neman auren Dayami, dattijon bai tambaye shi dangi ko dukiya ba. Gareji ya buɗe masa.

"Na yi wa uwarta alkawari a gadon asibiti cewa a wannan motar za a kai 'yarta. Ka tayar da motar, ka ɗauki matarka."

Shekara biyu ke nan. Reinier ya bugi bodin nan da guduma daki-daki, ya toshe ramukan ƙasa da ƙarfen tsohon firiji, ya ɗora mata injin wata motar Rasha da ta mutu, ya shafa mata fenti ja wanda sai ka ga fuskarka a ciki. Dayami da hannunta ta ɗinka sabon rufin. To fa, nan matsalar ta taso. Duk wanda ke garin ya san abin da buɗaɗɗiyar mota mai sheƙi ke kawowa in baƙi 'yan yawon buɗe ido suka sauka. Tun daga ranar da Tsohuwa ta yi tarin farko ta tashi, Tia Odalis ba ta ƙara barin kunnen Dayami ya huta ba.

"Yarinya, ki buɗe idonki. Na ga maza iri-iri. Wannan da ya samu makullin motar, ke kin zama kayan but."

Dayami takan yi dariya, amma in ta keɓe sai tsoro ya rufe ta. Ta sha tsayawa a ƙofar gareji tana kallon yadda yake shafa gefen motar da tafin hannu a hankali, ta tambayi kanta ko ya taɓa kallonta haka. Kunya ce kawai ta hana ta tambayarsa.

Ranar nan bayan an ci shinkafa da wake, Don Eliecer ya goge baki ya ce, "Asabar mai zuwa ta sama ne biki. Ranar ce na auri uwarku. Na yi magana da masu kiɗa, aladen biki kuma yana ɗaure a bayan gida."

Yoandri, yayan Dayami, ya buga tebur don murna. Reinier kuwa ya ajiye cokali, fuskarsa ta canza.

"Don Eliecer, a yi mini haƙuri. Motar ba ta da birki."

"Kamar yaya ba ta da birki? Jiya na ga ka taka ta tsaya!"

"A cikin gareji ne. Robobin cikin birkin sun girmi mahaifina, kuma babu man birki na gaske ko ɗigo a garin nan, na zaga ko'ina. Ɗan kawuna zai taho da su daga ƙasar waje, tafiyarsa ce ake ta ɗagawa."

Yoandri ya tuntsire da dariya. "Kai compay, abokina, yau ka zo duniya? Wa ke jiran man kanti? Shamfu, barasa, ɗan sukari, a kaɗa a zuba. Rabin motocin garin nan da shi suke yawo, gashin birkinsu har sheƙi yake!"

"Na sani, ni ma na sha zubawa," in ji Reinier. "A motar da ke yawo a shimfiɗaɗɗiyar hanya, mai sabuwar roba. Amma ka dubi titinku, Yoandri. Daga ƙofar nan har bakin ruwa gangare ne. In haɗin ya yi zafi ya yi kumfa, ko robar ta saki, me zai riƙe ta? Wayar birkin hannu ma a ruɓe take."

"To a ɗaga biki ke nan?" Tia Odalis ta saka baki, muryarta da sanyi kamar mai tausayi. "Bara an ce inji, bana an ce birki, baɗi kuma sai a ce madubi. Eliecer, ba ka gane ba? Yaron nan ya samu wurin zama. Aure ne ba ya so, motar kuma ba zai sake ta ba."

"Tia!" Dayami ta miƙe, hawaye ya cika idonta.

"Zauna!" mahaifinta ya daka mata tsawa. Ya juya ga Reinier, jijiyar wuyansa ta tashi. Tsohon ma'aikacin tashar jirgin ruwa ne, bai saba maimaita magana ba. "Saurara. Ka zuba abin da kowa ke zubawa, ka ɗauki 'yata ranar Asabar, ni kuma in damƙa maka makullin motar, ta zama taku. In ka ƙi, ka fita gidan nan, babu mota babu mata. Zaɓi!"

Dayami ta zuba wa Reinier ido. Ita kanta ba ta san amsar da take so ta ji ba.

"A ɗaura auren mu tafi a ƙafa, ko a keken doki, ni duk ɗaya ne," in ji shi a hankali. "Amma ba zan ɗora Dayami a saman motar nan ba."

"Alkawarin da na yi wa matata ne za a kai a keken doki? Fita!"

Reinier ya tattara guduma da sufanunsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya dubi Dayami. "Don Allah kada ki hau ta. Ko wa ya ce."

Haka ya gangara, kansa a sunkuye.

Kwanakin da suka biyo baya, Dayami ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Tana shara tana kuka, tana wanki tana kuka, amma ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba ko sau ɗaya, kofinsa bai taɓa makara ba. Tia kuwa ta samu abin yi. Yau ta ce an ga Reinier da wani mai otel suna ƙus-ƙus, gobe ta ce ai dama shirinsa ya gajiyar da dattijo har ya sayar masa da motar a banza. Dayami ta toshe kunne, sai dai maganar na shiga ta wani wurin. In da gaske yana sonta, me ya sa ya tafi da sauƙi haka? In kuma motar yake so, me ya sa ya ƙi makulli? Ta juya abin ta juya, ba ta samu bakin zaren ba.

Unguwa kuma ta ɗauka. Matan da ke layin burodi suna ganin Don Eliecer sai su hau tambayarsa lafiyar alade, wai ko shi ma an ɗaga masa ranar yanka. Dattijon ya dawo gida yana huci.

"Yoandri! Haɗa man nan ka zuba. Ranar Asabar motar nan za ta fita, da ango ko babu ango. Za mu je cocin El Cobre mu kai wa uwarku furanni, duk Tivoli ta gani da idonta. Ke kuma Dayami, inda uwarki ta zauna nan za ki zauna."

"Papi, don girman Allah..." Ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa. "Papi, tsoro nake ji. Reinier bai taɓa yi mini ƙarya a kan aikinsa ba."

"Ni na taɓa yi miki? In kin ƙi hawa, na san wanda kika zaɓa. Sai ki bi shi, ki manta kina da uba."

Ta kalli furfurarsa. Ta san ko ta hau ko ba ta hau ba, shi sai ya shiga motar nan. Ta share hawaye ta ce, "To, Papi."

Tana tsaye ta ga Yoandri ya zazzage kwalbar shamfunta a roba, ya tsiyaya barasa, ya barbaɗa sukari, yana kaɗawa da cokalin miya yana fito. Ƙamshin furen lemo ya cika garejin. Ya ɗura, ya taka birki ya saki, ya taka ya saki, ya ɗaga mata babban yatsa. "Kin ji? Tauri kamar dutse! Saurayin naki matsoraci ne kawai."

Ta ɗauki waya ta kira Reinier, ta katse kafin ta shiga. Ta sake kira. Da ya ɗauka, abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Asabar da safe," sai kuka ya ƙwace mata.

Asabar ta zo da rana mai zafi. Unguwa ta fito kaf, yara a kan katanga, tsofaffi a baranda. Aka naɗe rufin Tsohuwa, jan fentinta na ɗaukar ido. Yoandri ya kama sitiyari da sabuwar hula, Don Eliecer a gefensa cikin farar riga mai aljihu huɗu, Tia Odalis ta baje a kujerar baya tana ɗaga wa mutane hannu tun ba a tashi ba. Dayami ta hau can sama, ƙafafunta a kan kujera, ta rungume damin furanni masu ruwan ɗorawa. Daga nan sama titin ya zama wani abu dabam. Ta hango shi ya miƙe ƙasa tsakanin gidaje, siriri, har mararrabar da manyan motocin fasinja ke wucewa, bayanta kuma ruwan teku. Ta duba cikin taron, ba ta ga Reinier ba.

Yoandri bai gangara kai tsaye ba. Sai da ya zaga unguwa don kowa ya gani, ya hau nan ya sauka can, yana taka birki a kowace ƙofa ana tafi. A kwana ta ƙarshe ta lura motar ta ɗan zarce kafin ta tsaya, ta ga ƙafar yayanta ta nutsa fiye da ɗazu.

"Yoandri, tsaya haka nan! Mu sauka!"

"Ke dai riƙe furenki!"

Ya karya kan motar ya fuskanci gangare.

Da farko lafiya. Sai gudu ya fara ƙaruwa, iska ta fara fizgar gashinta. Ta ga Yoandri ya taka, ya sake takawa, ya shiga bugun birkin da ƙafa da sauri da sauri. Ƙamshin furen lemo ya taso daga ƙarƙashin motar, mai ƙarfi, haɗe da ƙauri.

"Papi... babu! Ya tafi ƙasa! Babu birki!"

Ya fizgi birkin hannu, wayar ta tsinke ta bar masa mariƙin. Ya danna giya, ta yi ƙara ta ƙi shiga. Tia Odalis ta kurma ihu tana kiran duk waliyyan da ta sani. Ƙofofi da tagogi suka riƙa wucewa fuu, mutane na tsalle suna manne wa bango. Furannin suka tarwatse daga hannun Dayami. Ba abin da za ta riƙe sai tamfol ɗin rufin da ta ɗinka, jikinta na tashi sama duk sanda taya ta daki rami. Can ƙasa wata babbar mota cike da mutane ta sako kai mararraba.

Sai ta ji ƙarar babur a hagunta.

"Dayami! Sauko ƙasa! Kwanta!"

Reinier ne, a kan babur ɗin aro, ba ko hular kwano. Ashe tun fitowarsu yake biye da su daga nesa. Ta saki jiki ta faɗo kan Tia, suka cure tsakanin kujeru.

"Yoandri, bango! Goga ta da bangon sito!"

A dama akwai dogon bangon wani tsohon sito, shi ne na ƙarshe kafin mararraba. Yoandri ya dube shi, ya dubi dogon hancin motar mai sheƙi, hannunsa ya sandare a kan sitiyari.

"Za ta lalace!"

"Ta lalace ɗin! Juya!"

Bai juya ba. Tsoro ya riga ya ɗaure shi. Dayami ta ɗago kai daidai lokacin da Reinier ya ƙara wuta ya sha gaban tayar hagu, ya kwantar da babur ɗin ya cusa shi a ƙarƙashinta. Ƙarfe ya ci ƙarfe. Kan motar ya karkata dama, ta daki bango ta shiga gurzarsa, wuta na tartsatsi, ƙara kamar ana yaga kwanon rufi. Madubi ya tashi, fitila ta fashe, ƙofa ta lotse. Ta ja, ta ja, sannan ta tsaya. Babbar motar nan ta wuce ta gabansu, fasinjojinta na leƙe baki buɗe.

Dayami ba ta san yadda ta dira ba. Ta ruga baya inda mutane suka fara taruwa. Reinier na kwance a kan duwatsun titi, ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa, jini na bin goshinsa.

"Reinier! Wayyo Allah, Reinier!"

Ya buɗe ido da ƙyar. Ya kamo hannunta ya jujjuya, ya dubi fuskarta, ya dubi wuyanta. "Kin ji ciwo? Motsa yatsunki in gani. Kanki fa? Papi ya fito?"

"Lafiyata ƙalau, kai ne..."

"To shi ke nan." Ya mayar da kai ya lumshe ido.

Tsohuwa na can jingine da bango tana hayaƙi, gefenta na dama a yage tun daga hanci har wutsiya, aikin shekara biyu ya koma tarkace. Duk wanda ya zo wurin sai ya kama kai yana jimamin motar. Har aka ɗauki Reinier a kan wani ƙyaure aka sa a wata mota, bai juya ya kalli Tsohuwa ba, bai kuma tambaya ba. Dayami ta lura da haka. Tia Odalis ma, da ke zaune a bakin kwata takalmi ɗaya a ƙafa, ta lura.

A asibiti aka ɗaure ƙafar, likita ya ce zai taka amma da ɗingishi. Washegari da hantsi Don Eliecer ya shigo ɗakin, hularsa a hannu, Tia na bayansa da kwanon miyar kaza. Mutumin da Dayami ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar jana'izar mahaifiyarta, sai ga shi yana kuka kamar yaro.

"Ɗana, na kusa kashe 'ya'yana biyu da ƙanwata saboda maganar matan layin burodi. Migdalia cewa ta yi in kai 'yarta gidan miji a motar, ba ta ce in kai ta kabari ba. Ka yafe mini."

"Don Eliecer, don Allah ka daina..."

"Ka ce Papi."

Tia Odalis ta ajiye kwanon, ta kasa haɗa ido da kowa. "Ni dai bakina ne ya jawo. Ka sha miyar tun da zafi." Ta juya ga Dayami, murya ƙasa-ƙasa. "Yarinya, na ce miki na ga maza iri-iri. Irin wannan ne ban taɓa gani ba."

Yoandri kuwa ya sayar da sarƙarsa da agogonsa ya biya mai babur, ya kuma ɗauki wata guda ba ya iya bin titin nan.

Aka ɗaura aure bayan Reinier ya fara takawa da sanda. A ƙafa suka gangara Tivoli, a hankali, amarya na riƙe da gwiwar hannun ango, masu kiɗa na biye suna rage sauri don su jira shi. Tsoron nan da ya daɗe yana cin Dayami, ta neme shi a ranta ta rasa.

'Yan mata, ku riƙe wannan. Dayami ba ta zagi uba ba, ba ta kuma saki masoyi saboda zugar dangi ba, ta yi haƙuri har gaskiya ta fito da kanta. Ku kuma iyaye, kada kunyar maƙwabta ta sa ku taka 'ya'yanku. Mai sonki na gaskiya ba lallai ne ya ba ki duk abin da aka nema a ranar da aka nema ba. Wani lokaci shi ne wanda zai yarda a kore shi, a zage shi, ya rasa ki ma ɗungurungum, in dai za ki kwana da rai.

A tsakiyar gangaren ango ya tsaya ya huta, gumi na keto masa. Dayami ta ce ko a kira keken doki. Ya girgiza kai, ya ƙara riƙe hannunta.

"Bari mu tafi a haka. Ba sauri muke ba."